Tambaya kan marubutan da ke bin labarin ramukan zinariyar da aka ce sun ɓace

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na ɗauki wasu makonni ina karanta labarin ramin zinariyar da ake jinginawa ga Jacob Waltz, Bajamushen nan da ya rasu a garin Phoenix na jihar Arizona a Amurka a shekarar 1891, wanda aka ce ya san wani wuri mai tarin zinariya a cikin duwatsun Superstition, ya kuma mutu ba tare da wani ya gano wurin ba. Ban tsaya ga zinariyar ba sosai. Mutanen da suka kewaye labarin su ne suka ɗauke mini hankali. Kusan duk inda aka samu irin wannan labari, a Amurka ko Kanada ko Ostareliya, sai a tarar da wata ƙaramar ƙungiyar masu tarihin yankin, da gidan ajiye kayan tarihi, da marubuta 'yan asalin wurin waɗanda suka ƙarar da shekara 30 ko 40 suna tono tsofaffin jaridu da takardun kotu, suna kuma hira da jikokin waɗanda abin ya faru a zamaninsu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wata malamar nazarin adabin baka a Jami'ar Arizona, Byrd Granger, ta ƙirga a shekarar 1977 ta samu ruwayoyi 62 mabambanta na labarin Waltz shi kaɗai. To, idan labari ɗaya ya rarrabu har gida 62, me mai tarihi yake nema a cikinsa? Shin aikin waɗannan mutane tarihi ne na gaskiya, ko kuwa farautar dukiya ce aka sa wa rigar ilimi? Kuma idan littattafai biyu suka zo hannuna a kan rami ɗaya, ta yaya zan gane wanda zan dogara da shi? Ina neman a haska mini, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta mai neman sani ce, kuma zan amsa ta da misali guda wanda na daɗe ina bibiya, domin ina ganin ya fi dogon bayani amfani.

A lardin British Columbia na Kanada akwai wani tafki da ake kira Pitt, kuma fiye da shekara 100 ke nan ana cewa akwai wani kwari a duwatsun da ke arewa da shi inda zinariya ke zube dunƙule-dunƙule. Ana jingina wurin ga wani dattijo ɗan ƙabilar Katzie, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na yankin, mai suna Slumach. Yadda aka saba ba da labarin shi ne, wai yakan shigo garin New Westminster da jaka cike da zinariya, ya yi ta facaka da ita, sannan ya ɗauki mace ya koma daji da ita, kuma ba a sake ganin matar. Wai da za a rataye shi sai ya tsine wa ramin, ya ce idan ya mutu ramin ma ya mutu. Wannan shi ne abin da jaridu da mujallu suka yi ta maimaitawa.

Abin da masu tarihin yankin suka yi shi ne komawa ga takardun zamanin da abin ya auku. Sun tarar cewa lallai an yi Slumach, lallai ya harbe wani mutum mai suna Louis Bee a watan Satumba na 1890, an yi masa shari'a, an kuma rataye shi a New Westminster ranar 16 ga Janairu, 1891. Amma jaridun da suka bi shari'ar daki-daki ba su ambaci zinariya ba ko sau ɗaya, ba su ambaci matan da suka ɓace ba, ba su kuma kawo wata tsinuwa a bakin igiya ba. Sai bayan fiye da shekara 20 da mutuwarsa aka fara haɗa sunansa da zinariya a rubuce, ita kuwa tsinuwar sai a tsakiyar ƙarni na 20 ta bayyana. Fred Braches, wani mai tarihin ƙauyukan wannan yanki, yana cikin waɗanda suka yi wahalar tattara rubuce-rubucen jaridu a kan batun bisa jerin shekarunsu, ta yadda mai karatu zai ga da idonsa lokacin da kowane ƙari ya shigo.

Kin ga ke nan abin da mai tarihi yake nema. Ba ya tambayar inda ramin yake da farko. Yana tambayar wa ya fara faɗa, a wace shekara, daga bakin wa ya ji, kuma me ya samu da faɗin. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin duba isnadi ne: a bi ruwaya daga maruwaici zuwa maruwaici har a kai inda ta yanke. Mafi yawan labaran nan isnadinsu yana yankewa ne a teburin wani ɗan jarida da ya rubuta shekaru da yawa bayan duk shaidun sun kwanta dama.

Akwai kuma wani abu da nake so ki riƙe, don kada ki ɗauka takarda kaɗai ce gaskiya, baki kuwa ƙarya. Ɗan ɗan'uwan Slumach, Peter Pierre, ya kasance tare da shi a kwanakinsa na ƙarshe a kurkuku, kuma mutum ne da aka sani da ilimin al'adun Katzie, har masani Diamond Jenness ya ɗauki bayanai masu yawa daga bakinsa a shekarar 1936. 'Yar Peter Pierre ta ba wani mai tarihin yankin, Donald Waite, abin da ta ji daga mahaifinta, cewa sau ɗaya tak Slumach ya taɓa samun 'yar zinariya, kuma ba mai yawa ba ce. Ruwayar cikin gida ta fi dacewa da takardun kotu fiye da labarin jaridu. Ni a ganina wannan shi ne babban amfanin mai tarihin da yake zaune a wurin: yana iya ƙwanƙwasa ƙofar dangin, su kuma su amince masa su yi magana, abin da baƙo mai gaggawar buga littafi ba zai samu ba. Kuma aikin ya wanke mamaci daga ƙazafi. Slumach ya yi kisa, an yanke masa hukunci a kansa, amma kisan matan da aka ɗora masa babu shaida ko ɗaya a kai, kuma yana da dangi da ke raye suna jin ana faɗa.

Saboda haka idan littattafai biyu suka zo hannunki, ki duba wanne ne yake gaya miki shekara da wurin da ya samo kowace magana, kuma wanne ne yake iya kawo hujjar da ta rushe abin da shi kansa yake so ya zama gaskiya.

Mai Nazarin Duwatsu:

Baba, Allah ya ƙara sani da lafiya. Na gamsu da hanyar da ka shimfiɗa, amma ina neman izini in ƙara wani gefe, domin ina tsoron 'yar'uwarmu ta fita da fahimtar cewa duk labarin ramin da ya ɓace ƙirƙira ce. Ɓacewar wurin zinariya abu ne mai yiwuwa ƙwarai, kuma dalilin yana cikin yadda zinariyar take zama a ƙasa.

Zinariya iri biyu ake samu. Akwai wadda take cikin jijiyar farin dutse a jikin tsauni, akwai kuma wadda ruwa ya ɓamɓaro daga jijiyar ya gangaro da ita, ta kwanta a gindin yashin rafi saboda nauyinta, domin ta fi ruwa nauyi sau 19. Ta biyun tana iya taruwa a wani ɗan lungu da bai fi faɗin ɗaki ba, mutum ya kwashe ta cikin mako guda, ko ambaliya ɗaya ta binne ta. Jijiyar ma takan kumbura a wuri guda ta yi arziki, sannan ta tsuke ta ƙare bayan taku kaɗan. Mutumin da ƙishirwa ta galabaitar, ba shi da taswira, ya tsinci irin wannan wuri a cikin hamada mai ɗaruruwan kwaruruka masu kama da juna, ba abin mamaki ba ne ya kasa komawa. Sau da yawa wurin bai ma ɓace ba: wani ne ya sake gano shi daga baya, ya yi masa rajista da sabon suna, ya haƙe shi, alhali masu neman tsohon suna can suna yawo.

Misali mai kyau shi ne labarin ɓataccen wurin zinariyar da ake kira Shuɗin Bokiti a jihar Oregon. A shekarar 1845 Stephen Meek ya ja wani babban ayarin masu ƙaura ta wata gajeriyar hanya a gabashin Oregon, suka ɓata, suka sha wahala, mutane da yawa suka mutu. An ce a wani rafi wasu daga cikinsu sun tsinci duwatsu masu ruwan ɗorawa ba su san ko mene ne ba, domin a lokacin ba a riga an gano zinariyar California ba, sai a 1848. Har yau ba a tabbatar da rafin ba. Amma a 1861 wasu da suka fita neman wannan rafi sun gano zinariya ta gaske kusa da inda garin Baker City yake a yau, kuma daga nan haƙa ta buɗe a gabashin jihar. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar tana da zinariya ko da labarin ya sha ƙari.

Inda nake ganin gazawar wasu masu tarihin yanki shi ne ba su tambayar dutse. Duwatsun Superstition yawancinsu toka ce da narkakken dutse na aman wuta da suka daskare, kuma binciken masana ƙasa bai nuna alamar babbar jijiyar zinariya a tsakiyarsu ba. Amma a gindinsu ta yamma, a wurin da ake kira Goldfield, an gano zinariya a farkon shekarun 1890, jim kaɗan bayan mutuwar Waltz, an kuma haƙe ta. Marubucin da ya san wannan zai yi tambaya mai ma'ana, ko Waltz daga wajajen nan yake samun abin da yake samu. Wanda bai sani ba zai ci gaba da tura mutane tsakiyar tsaunin. A yau ma dai dajin yana ƙarƙashin dokar kare dazuzzuka ta 1964, wadda ta rufe ƙofar sabuwar rajistar haƙar ma'adinai a irin waɗannan wurare daga farkon 1984.

Ma'abociyar Karatu:

Ina gaishe da Baba da Malam. Ni abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne alhakin da ke wuyan marubuci, domin waɗannan labarai sun ci rayuka, kuma kowace mutuwa sai ta zama taki ga labarin.

Ku dubi shekarar 1931 kawai. A farkonta Harold Lasseter ya mutu a hamadar tsakiyar Ostareliya, kusa da tsaunukan Petermann. Shi ne mutumin da ya ce ya taɓa ganin jijiyar zinariya mai tsawon mil 7, aka kafa kamfani aka tara fam 5,000, aka ba shi motoci da jirgin sama, suka tashi daga Alice Springs a watan Yuli na 1930. Da abokan tafiyarsa suka yanke ƙauna suka juya, sai ya ci gaba da raƙuma, raƙuman suka tsere, mutanen asalin ƙasar suka taimake shi gwargwadon iko, amma ya rasu, aka tsinci gawarsa a watan Maris. A watan Yuni na wannan shekara wani dattijo, Adolph Ruth, ya shiga duwatsun Superstition da taswira a hannu, bai fito ba. Bayan wata shida aka samu ƙoƙon kansa da ramuka biyu a jiki, jaridun Amurka suka yayata, kuma daga nan ne labarin Waltz ya tashi daga zancen yanki ya zama na ƙasa baki ɗaya. A cikin shekarar dai wani tsohon mai neman ma'adinai da ake wa laƙabi da Volcanic Brown ya shiga duwatsun da ke bayan tafkin Pitt, ba a sake ganinsa ba.

Ba na jin haɗuwar nan ta zo haka kawai. Lokacin ne tattalin arzikin duniya ya durƙushe bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, miliyoyin mutane ba su da aikin yi, zinariya kuwa ita ce abin da darajarsa ba ta faɗi ba, har gwamnatin Amurka ta ɗaga farashinta daga dala 20.67 zuwa dala 35 kowace oza a 1934. Mai yunwa yana saurin gaskata labarin rumbu. Kafin shekarar 1931 ta ƙare Ion Idriess ya fitar da littafi a kan Lasseter wanda ya yi kasuwa ƙwarai, ya mayar da shi gwarzo, duk da cewa Lasseter da kansa ya ba da shekaru mabambanta na lokacin da ya ce ya ga jijiyar: lissafin wasiƙarsa ta 1929 ya faɗa wajen 1911, daga baya kuma ya ce 1897, lokacin yana ɗan shekara 17. An yi ta shirya tafiye-tafiye bayansa, babu wanda ya ga komai.

Duk da haka ba zan haɗa kowa a kwando ɗaya ba. J. Frank Dobie na Texas, wanda ya tattara labaran ɓatattun ramuka a littafin da ya fitar a 1930, mai adana adabin baka ne, kuma abin da ya ceto shi ne muryar makiyaya da mahaƙa da ba don shi ba da ta tafi tare da su. Irin wannan aiki yana da daraja matuƙar mai karatu ya san hikaya aka ba shi. Wanda nake zargi shi ne mai ɗaukar hikayar ya zana mata taswira, ya sa mata nisan mil da alamar dutse, ya sayar a matsayin hujja, alhali ya san akwai wanda zai sayar da gidansa ya bi ta.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na fahimci cewa ruwayoyi 62 ɗin nan su kansu abin nazari ne. Baba, idan aka bi labarin Waltz da wannan hanya ta isnadi da ka bayyana, ina yake yankewa? Na ga ana yawan ambaton wata mata, Julia Thomas, wasu na yabonta wasu na cewa ita ce ta ƙirƙiro komai, kuma ban san wanda zan bi ba.

Tsohon Malamin Makaranta:

'Yata, shi Waltz takardu sun san shi sosai, kuma masu tarihin yankin irin su marigayi Tom Kollenborn na garin Apache Junction sun yi aiki mai yawa wajen fito da su. Ya bayyana niyyar zama ɗan Amurka a Natchez a 1848, ya samu takardar zama ɗan ƙasa a Los Angeles a 1861, sunansa ya fito a rajistar wasu wuraren haƙa a wajajen Prescott a farkon shekarun 1860, sannan a 1868 ya kama gona mai eka 160 a bakin kogin Salt. Babu wata rajista da ya yi a duwatsun Superstition. A watan Fabrairu na 1891 ambaliya ta ci gonarsa, ya kamu da ciwon huhu, Julia Thomas ta ɗauke shi ta yi jinyarsa har ya rasu ranar 25 ga Oktoba.

Daga wannan ɗakin jinya ruwaya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Julia Thomas da 'yan gidan Petrasch, waɗanda suka ce ya kwatanta musu wurin. Ɗayar ta bi ta wani mutum mai suna Dick Holmes, wanda ya ce yana wurin lokacin fitar rai, kuma a hannunsa duwatsu masu zinariya da aka ce an samu a ƙarƙashin gadon Waltz suka ƙare. Ɓangarorin biyu sun yi gaba, kowanne yana ƙaryata ɗaya, kuma kusan duk littafin da za ki karanta yana ɗebo ruwa ne daga ɗayan rijiyoyin nan biyu, ko marubucin ya faɗa ko bai faɗa ba.

Game da ita Julia, ni ban ɗauke ta maƙirƙiriya ba. Ta rabu da kantinta don ta samu kuɗin tafiya, ta shiga duwatsun da kanta cikin zafin 1892, ta dawo hannu rabbana. Wanda ya ƙaga labari ba ya talauta kansa a kan ƙagensa, don haka na yarda ta gaskata abin da ta ji daga bakin majinyacin. Daga baya da talauci ya kama ta ne ta shiga sayar da taswirori, kuma a nan amincin ruwayarta ya raunana. A 1895 wani ɗan jarida, P. C. Bicknell, ya rubuta labarin a wata jaridar San Francisco da ƙawa mai yawa, kuma alamomin hanya da yawa da masu nema suka riƙa bi daga baya ana iya bin sawunsu zuwa rubuce-rubucen wannan lokaci. Idan za ki fara nazari, ki ware abin da aka rubuta kafin mutuwar Ruth a 1931 gefe guda, abin da aka rubuta bayanta gefe guda, sannan ki duba inda sunan iyalin Peralta na Meziko, waɗanda ake cewa su ne masu ramin tun farko, da zancen kisan gillar da aka ce 'yan ƙabilar Apache, 'yan asalin yankin, sun yi musu suka fara shiga, da irin girman da suka yi daga wannan tarin zuwa wancan.